Awon Tasirin Bankunan Al'umma a Kan Ƙaramin Manomi: Sharhi da Tsokaci Bisa Ma'aunin Shari'a

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar hanyoyin da ake bi wajen auna tasirin bankunan al'umma a kan rayuwar ƙananan manoma, ta ɗauki shirin da Nijeriya ta fara a 1990 a matsayin misali. Ta nuna cewa ma'aunai ukun da aka fi dogara da su, wato yawan rancen da aka raba, da yawan wanda aka biya, da abin da mai rance ya faɗa game da samunsa, sun fi bayyana halin da banki yake ciki a kan halin da manomi yake ciki. Ta kuma yi tsokaci a kan rubuce-rubucen da suke tsayawa ga hukuncin kuɗin ruwa kaɗai, kamar sauya sunan ƙulla ciniki ya isa ya ɗauke cuta. A ƙarshe ta gabatar da wasu ma'aunai da aka ciro daga manufofin Shari'a game da dukiya.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta ciniki ya haramta riba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk shekara idan ruwan shuka ya sauka, tambaya guda takan maimaitu a zaurukan malaman karkara: shin ya halatta manomi ya karɓi rancen banki domin ya sayi taki? Malami yakan amsa da cewa bashin da aka sharɗanta ƙari a cikinsa haramun ne, kuma gaskiya ya faɗa. Jami'in banki kuwa yakan zo da alƙaluma masu nuna dubban manoman da suka amfana. Manomin da ya yi tambayar yakan tashi daga wurin duka biyun ba tare da taki ba, ya nufi gidan ɗan kasuwar da zai ba shi kuɗi yau ya karɓi hatsinsa da kaka a kan farashin da ya ga dama.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba alƙaluman jami'in da idon basira, ta kuma duba ko amsar malamin ta kai inda ya kamata ta kai. Akwai abin lura tun daga farko: rubutun boko ya haɗa kalmomi biyu na Larabci a siffa ɗaya, ribar ciniki wadda aka halatta da riba wadda aka haramta. Saboda haka duk inda aka ce "riba" kawai a nan ana nufin ta haram, ta halal kuwa za a kira ta ribar ciniki.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Shirin

Kafin bankunan al'umma, gwamnatocin Nijeriya sun gwada hanyoyi da dama na kai kuɗi karkara. An kafa bankin noma mai hedikwata a Kaduna a farkon shekarun 1970. A 1977 Babban Bankin Nijeriya ya tilasta wa bankunan kasuwanci buɗe rassa a ƙauyuka, a shekarar kuma aka kafa asusun da yake lamunce wa bankuna kashi 75 cikin 100 na rancen noman da ba a biya ba. A 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Bankin Jama'a domin talakawa, wanda ya ɗauki salon Bankin Grameen na Bangaladash.

An sanar da shirin bankunan al'umma a kasafin kuɗin 1990, aka buɗe na farko, mai suna Alheri, a Tudun Wadar Kaduna cikin Disambar wannan shekara. Dokar soja mai lamba 46 ta 1992 ta ba shirin gindin zama, Farfesa Akin Mabogunje kuma ya shugabanci hukumar da take kula da shi. Tunanin da aka gina shirin a kansa mai kyau ne. Mutanen gari su ne za su tara jari su mallaki bankinsu, an kuma taƙaita hannun jarin da mutum ɗaya zai riƙe domin kada attajiri ya mamaye shi. Maimakon takardar fili ko ta gida, mutuncin mutum da sanin da maƙwabtansa suka yi masa su ne jinginarsa.

A tsakiyar shekarun 1990 adadinsu ya haura 1,300, mafi yawa a kudancin ƙasar. Daga nan suka fara durƙushewa. Da yawa sun ajiye kuɗinsu a manyan bankunan da suka karye a rikicin bankuna na wancan lokaci, hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin 100 a 1995 ta cinye jarinsu, ga kuma raunin shugabanci. A Disambar 2005 Babban Bankin ya fitar da sabon tsarin bankunan ƙananan rance, ya ba bankunan al'umma wa'adin ƙarshen 2007 su ƙara jari su koma sabon tsarin. A Satumbar 2010 kuma ya soke lasisin 224 daga cikin sababbin bankunan. Suna ya sauya, amma tambayar da aka fara da ita tana nan: me ƙaramin manomi ya samu?

3.0 Ma'aunai Uku da Raunin Kowannensu

3.1 Yawan rancen da aka raba

Rahotannin hukuma sukan fara da adadin bankuna da jimillar kuɗin da aka rantar. Wannan ma'auni yana ƙirga abin da ya fita daga banki, bai san inda ya sauka ba. Babban kaso na rancen bankunan al'umma ya tafi ne ga saye da sayarwa, domin ɗan tireda yana juya kuɗinsa kullum, manomi kuwa sau ɗaya a shekara. Haka nan bankin da yake karɓar ajiyar mutanen ƙauye ya kai ta babban banki a birni, ko ya rantar da ita ga ma'aikata masu albashi, yana iya zama magudanar da take kwashe kuɗin karkara, alhali a takarda ana lissafa shi cikin masu raya ta. Tambayar da ta dace ita ce: cikin kowace naira da manoman gari suka ajiye, nawa ce ta koma gonakin garin?

3.2 Yawan bashin da aka biya

Wannan shi ne ma'aunin da aka fi alfahari da shi. Hujjar ita ce, wanda bai amfana ba ba zai iya biya ba. Hujjar ba ta tsaya ba, domin biya yana nuna cewa kuɗi ya dawo ne kawai, bai nuna daga inda ya fito ba. Manomi yana iya biya daga albarkar gonarsa. Yana kuma iya biya ta hanyar sayar da akuyar matarsa, ko jinginar da gona, ko kwashe rumbu da kaka lokacin da hatsi ya fi arha, ko cin wani bashin. A littafin banki duk waɗannan sunansu ɗaya: an biya.

Abin da ya ƙara wa matsalar nauyi shi ne irin jinginar da tsarin ya dogara da ita. Idan mutunci ne jingina, to tsoron kunya shi ne mai karɓar bashi. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma magidanci zai gwammace ya rage tuwon dare a kan a ji a masallaci cewa ya kasa biya. Inda aka haɗa masu rance rukuni-rukuni kowa yana lamunin ɗan'uwansa, maƙwabci yakan koma ɗan sandan maƙwabcinsa. Rikicin jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010 ya isa darasi: cibiyoyin rance suna bayar da rahoton biya kusan cikakke har zuwa lokacin da koke-koke game da tsananta wa masu bashi suka sa gwamnatin jihar ta kafa dokar gaggawa.

Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna cewa yafe masa ya fi alheri. A bisa wannan, bankin da ya karɓi dukkan bashinsa daga manoma a shekarar fari ko ambaliya ya cancanci a bincike shi kafin a yaba masa. A ɗaya ɓangaren, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kira jinkirin mawadaci zalunci. Shari'a ta raba mai ƙunci da mai taurin bashi, ta ba kowa hukuncinsa. Adadi guda na kashi kaza cikin ɗari yana cakuɗa su.

3.3 Tambayar masu rance

Yawancin kundayen digiri a kan wannan batu sukan bi hanya ɗaya: a raba takardun tambayoyi ga waɗanda suka ci rance, a kwatanta samunsu kafin rance da bayansa, ko a kwatanta su da waɗanda ba su ci ba. Akwai ɓaraka huɗu a nan.

Ta farko, banki ba ya rantar da kuɗi ga duk wanda ya zo. Yana zaɓar mai babbar gona da shanun huɗa da wanda zai tsaya masa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan aka tarar masu rance sun fi wadata, mai yiwuwa wadatar ce ta jawo rancen. Ta biyu, sunayen da mai bincike yake samu daga banki na waɗanda suka ɗore ne. Wanda bashi ya karya, ya sayar da gona ya tafi cin rani, ba ya gari balle a tambaye shi. Ta uku, amfanin gona ya fi rataya ga ruwan sama da farashi, don haka kwatanta shekarar ƙarancin ruwa da ta damina mai albarka zai ba banki ladan da ba nasa ba, kwatanta naira da naira a zamanin hauhawar farashi kuma ruɗi ne. Ta huɗu, ana ɗaukar gida a matsayin aljihu ɗaya, alhali a Musulunci dukiyar mace tata ce, haka kuma abin yake a gidan Bahaushe, inda mace take da awakinta da sana'arta da adashinta. Binciken da aka yi a Bangaladash a shekarun 1990 ya gano cewa wani kaso mai yawa na rancen da aka rubuta da sunan mata, mazan gida ne suke sarrafa shi, nauyin biya kuma yana kan matar.

Ɗalibin ilimin hadisi zai gane wannan da sauri. Ruwayar da ta zo daga ɓangare ɗaya, ta bakin wanda yake fatan a ƙara masa rance baɗi, ba a kafa hukunci da ita sai an samu mai ƙarfafa ta.

4.0 Abin da Binciken Gwaji ya Nuna

Domin kauce wa matsalar zaɓe, wasu masana tattalin arziki sun koma ga ƙuri'a: a zaɓi garuruwan da za a kai rance da waɗanda ba za a kai ba, sannan a kwatanta. A 2015 aka buga sakamakon irin wannan gwaji daga ƙasashe shida: Bosniya da Habasha da Indiya da Meziko da Mongoliya da Maroko. Abin da aka samu shi ne ɗan ci gaba a harkar sana'a, ba tare da wata hujja mai ƙarfi ta ƙaruwar samun gida ko fita daga talauci ba. Ba a kuma ga mummunar cutar da masu suka suke tsoro ba. Wannan ya yi nisa da alkawuran da aka yi ta yi bayan Muhammad Yunus da Bankin Grameen sun karɓi lambar Nobel a 2006.

Gwaje-gwajen da suka shafi manoma kai tsaye sun fi amfani ga wannan bahasi, domin sun nuna cewa lokacin bayarwa da wanda zai ɗauki asara sun fi girman kuɗin muhimmanci. A yammacin Kenya an ba manoman masara rance da kaka domin kada su sayar da hatsinsu da arha. Sun adana sun sayar daga baya da daraja, kuma inda masu rancen suka yi yawa tazarar farashi tsakanin kaka da lokacin tsada ta ragu, har waɗanda ba su ci rance ba suka amfana. A Zambiya an ba da rance a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya ƙare, sai manoma suka rage zuwa ƙwadago a gonakin wasu, suka tsaya a nasu, amfaninsu ya ƙaru. A arewacin Gana kuwa, binciken da aka buga a 2014 ya nuna cewa manoman da aka ba kariya daga asarar rashin ruwa sun faɗaɗa nomansu fiye da waɗanda aka ba kuɗi a hannu. Wato abin da ya fi daƙile su shi ne tsoron asara.

Ita ma wannan hanya tana da iyakarta. Yawanci tana bin mutane shekara ɗaya zuwa uku, alhali asarar gona takan ɗauki tsawon lokaci kafin ta bayyana. Tana bayar da matsakaicin sakamako, wanda yake iya ɓoye mutum biyu da suka haye da mutum biyu da suka nutse. Tana kuma auna waɗanda suka karɓa, ba ta cika bayyana dalilin waɗanda suka ƙi ba. A ƙasar Musulmi wannan babban giɓi ne. Manomin da ya ƙi rance domin tsoron Allah, rahoto yakan sa shi cikin waɗanda ba a wayar musu da kai ba, alhali ya san abin da yake gudu.

5.0 Abin da Banki ya Tarar a Ƙauye

Kuskuren da ya fi yawa a rubuce-rubucen shi ne ɗaukar ƙauye kamar fili ne fetal da babu rance a cikinsa kafin zuwan banki. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina ta buga littafinta a 1972, ta bayyana yadda matalautan manoma suke sayar da hatsi da kaka, rumbunsu ya ƙare kafin damina, su koma ƙwadago a daidai lokacin da gonakinsu suke buƙatar noma. Talaucinsu shi ne yake hana su noman da zai fitar da su daga talauci.

Christopher Udry kuma ya bi gidaje kimanin 200 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya tsakanin 1988 da 1989, gab da buɗe bankin al'umma na farko. Ya tarar rance ya game ko'ina, kusan dukkansa tsakanin 'yan'uwa da mutanen gari ɗaya, galibi ba takarda ba jingina. Abin da ya fi jan hankali shi ne, abin da ake biya da lokacin biyansa suna sauyawa gwargwadon abin da ya sami ɓangarorin biyu. Idan ambaliya ko cuta ta sami mai cin bashi, a sassauta masa. Idan mai ba da bashin ne ya shiga matsi, mai biya ya gaggauta ya kuma kyautata. Wato bashin ƙauye yana ɗauke da taimakekeniya a cikinsa. Rancen banki mai ƙayyadadden wa'adi da ƙayyadadden ƙari ba shi da wannan laushi. Awon da bai tambayi abin da ya sami wannan tsohon tsari bayan zuwan banki ba, rabin awo ne.

Sai dai bai kamata a ƙawata tsohon tsarin fiye da kima ba. Rashin rubutawa ya saɓa wa shiryarwar aya ta 282 ta Suratul Baƙara, kuma yana buɗe ƙofar jayayya tsakanin magada. Taimakon maƙwabta yana aiki idan masifa ta sami gida ɗaya, amma idan fari ya game gari kowa ta kansa yake yi. Sannan akwai mu'amaloli masu cutarwa. Bayar da buhun hatsi da damina a karɓi biyu da kaka riba ce ƙarara. Jinginar gona wadda mai ba da bashi yake nomawa yana ci har sai an biya shi, bashi ne da ya jawo amfani, kuma Malikawa sun hana sharɗanta cin amfanin jingina idan asalin bashin rance ne. Falle kuwa, wato karɓar kuɗi da damina a biya da hatsi da kaka, siffarsa tana kusa da cinikin salam, cutarsa tana cikin farashin da ake yanka wa wanda yunwa ta matsa. Adalci shi ne a kwatanta banki da waɗannan, domin su ne zaɓin da manomi yake da shi a zahiri. Ta yiwu ƙarin banki bai kai na mai buhu biyu tsada ba. Wannan bai halatta shi ba, amma ya nuna cewa fatawar da ta rufe ƙofar banki ta yi shiru a kan mai buhu biyu ba ta gama aikinta ba.

6.0 Tsokaci a Kan Rubuce-rubucen Malamai

Haramcin ƙarin da aka sharɗanta a bashi tabbatacce ne, ba shi ne abin tattaunawa a nan ba. Abin tattaunawa shi ne zaton da ya yaɗu cewa da zarar an musanya rance mai ruwa da murabaha, matsalar manomi ta ƙare. Tun da Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, kuma Babban Bankin ya fitar da ƙa'idojin ƙananan bankuna marasa kuɗin ruwa a 2017, ƙofa ta buɗe, wannan kuwa alheri ne. To amma murabaha, ko da ta cika sharuɗɗanta, tana ƙarewa ne da bashi tsayayye a wuyan manomi, a yi ruwa ko kada a yi. Idan kuma aka tsara biyanta wata-wata tun kafin gero ya fitar da kai, manomin zai biya ne daga abin da ba gona ta bayar ba. Inda banki bai mallaki takin ba, ya miƙa kuɗi kawai ya rubuta sunan ciniki, to an sayar da kare ne an sayi biri. Mazhabar Malikiyya ta fi kowace tsanani wajen toshe irin wannan kafa, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta hana tawarruƙin da ake shiryawa tsakanin banki da dillali a zamanta na 2009.

Salam shi ne cinikin da ya fi dacewa da noma. Hadisin Ibn Abbas a Buhari da Muslim ya nuna cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna yin sa, ya tabbatar da shi bisa sharaɗin sanannen awo da sanannen wa'adi. Ana biyan kuɗi gaba ɗaya tun farko, Malikawa sun yi rangwamen jinkirin kwana uku. Ba a rataya shi ga amfanin wata gona ayyananniya. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana nufin ko gonar manomi ta ƙone, hatsin yana nan a wuyansa. Sudan ta gwada salam sosai a shekarun 1990 a matsayin madadin tsohon tsarinta mai kama da falle. Hauhawar farashi ta sa kuɗin da aka yanka lokacin shuka ya zama abin kuka lokacin girbi, har aka shigar da sharaɗin gyara farashi idan tazarar ta yi muni, kuma an san yadda manoman da suka kasa biya suka riƙa shiga kurkuku. Ingancin ƙulli sharaɗi ne da ba makawa, amma shi kaɗai bai lamunce adalcin sakamako ba.

Wasu marubuta sukan kafa hujja da babin ja'iha, inda ake rage wa mai saye kuɗi idan annoba ta halaka sulusin 'ya'yan itacen da ya saya ko fiye. A kula, wannan hukunci na cinikin 'ya'yan itace ne a kan bishiyarsu, ba ya sauke bashin rance ko na salam. Abin da za a ɗauka daga gare shi shi ne manufarsa, wato kada a jibge asarar da ta zo daga sama a kan kafaɗa ɗaya. Hanyoyin cika wannan manufa su ne tarayya a noma bisa sharuɗɗanta, da asusun takaful, da kason mabarta da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ware a cikin zakka. Ƙungiyar Akhuwat ta Pakistan, wadda ta fara a 2001, ta nuna cewa rance marar ƙari da ake rabawa a masallatai yana iya kaiwa ga jama'a masu yawa, muddin akwai masu sadaka da suke ɗaukar nauyin gudanarwa. Wannan fage ne na waƙafi.

7.0 Ma'aunan da ake Ba da Shawara

Shehu Muhammad Ɗahir Ibn Ashur ya ambaci manufofi biyar na Shari'a game da dukiya: yawonta tsakanin mutane, da bayyanarta, da kiyaye ta, da tabbatarta ga mai ita, da adalci a cikinta. Kowace ɗaya tana iya zama tambayar bincike.

Game da yawon dukiya, wanda aya ta 7 ta Suratul Hashri ta yi nuni gare shi, a duba girman gonakin masu rance a kwatanta da na sauran gari, a kuma duba kason ajiyar gari da ya koma gonakinsa. Game da bayyana, a tambayi manomi nawa zai biya gaba ɗaya, a kwatanta amsarsa da takarda. Ƙarin da ake lissafawa a kan asalin kuɗi alhali ana biya kashi-kashi, nauyinsa na gaskiya yakan kusa ninka abin da aka faɗa, kuma kaɗan ne suke sanin haka. Game da kiyayewa, a bi sawun kuɗin masu ajiya a bankunan da suka rufe, domin su ma manoma ne, kuma binciken tasiri ba ya cika tunawa da su. Game da tabbata, a ƙirga gonakin da aka sayar ko aka jinginar da dabbobin da suka bar gida cikin shekara biyar, tare da neman waɗanda suka daina hulɗa da bankin. Game da adalci, a duba abin da bankin ya yi a shekarar da damina ta ɓaci.

Akwai kuma ma'aunai biyu da kowane ɗan ƙauye zai gane. Na farko, a wane wata ne rumbu ya ƙare, kuma kwana nawa maigida ya yi a gonar wani lokacin noma? Na biyu, gidaje nawa ne suka tashi daga masu karɓar zakkar hatsi suka koma masu fitar da ita? Nisabin shi ne wusƙi biyar, kimanin kilo 650, iyaka ce sananniya wadda faɗuwar darajar naira ba ta taɓa ta. Amma kada a yi amfani da shi shi kaɗai, domin a mazhabar Malik bashi ba ya sauke zakkar amfanin gona. Mutum yana iya fitar da zakka da hantsi, mai bin sa bashi ya kwashe sauran da la'asar. Sai an haɗa shi da lissafin abin da ya rage a rumbu bayan an biya kowa.

8.0 Kammalawa

Bankunan al'umma sun tashi da kyakkyawar fahimta, cewa mutanen gari sun fi baƙo sanin wanda ya cancanci amana. Hujjojin da ake kawowa na nasararsu ga ƙaramin manomi ba su kai ƙarfin da'awar ba, domin an fi auna su da ma'aunin mai ba da bashi. Binciken da ya fi inganci ya nuna cewa kuɗi yana amfanar manomi idan ya zo a lokacin da ya dace da shekarar noma, kuma ba a bar shi shi kaɗai da asarar fari ba. Fiƙihu ya tanadi kayan aikin duka biyun.

Aikin da ya rage yana kan sassan nazarin Musulunci da na tattalin arziki su yi shi tare. Ɗalibin Shari'a da zai rubuta kundi a kan salam ko murabaha ya kamata ya kwana a ƙauye da damina da kuma da kaka, ya ga takardar da manomi ya dangwala wa hannu, ya tambayi matan gida abin da aka sayar ranar biya. Kwamitocin Shari'a na bankuna su nemi a riƙa kawo musu rahoton abin da ya sami masu bashi, kamar yadda ake kawo musu takardun ƙulla ciniki. Malamin zaure kuma, idan ya faɗi haramcin kuɗin ruwa, ya haɗa da hukuncin buhu biyu da na cin amfanin jingina, ya kuma kira masu hali su kafa asusun da mai tambaya zai nufa kafin lokacin sa taki ya wuce.

Allah ne Mafi sani.